Atishok da cuku: Girkin talakawan Sisili da ya zagaya duniya

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu na kowace shekara, kasuwannin biranen Palermo da Napoli da Rum a ƙasar Italiya kan cika da wani kayan lambu mai girman dunƙulen hannu, wanda ganyayyakinsa ke lulluɓe da juna kamar sulke.

Turawan Ingila na kiransa atishok, Larabawa kuma suna ce masa kharshuf.

Ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin dafa shi ita ce a cusa masa garin burodi da cuku da tafarnuwa, a turara shi a tukunya, sannan a gasa samansa.

Girkin ya fito ne daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a kudancin Italiya, musamman tsibirin Sisili, kuma kowane mataki a cikinsa dabara ce ta mayar da tsiron da abin ci a jikinsa kaɗan ne zuwa abincin da zai ƙosar da iyali.

Sai dai ga Musulmin da ke son ɗanɗana shi, akwai tambayar da ta shafi irin cukun da ake amfani da shi.

Wane irin tsiro ne?

Atishok tohon fure ne da ake yankewa kafin ya buɗe. Idan aka bar shi a gona, yakan buɗe ya fitar da babban fure mai launin shuɗi da ja-ja, kuma a lokacin ba ya ciwuwa.

Masana tsirrai na kiransa Cynara cardunculus, suna kuma sanya shi a babban dangi ɗaya da latas da shuwaka. Yana da ɗan ɗaci-ɗaci, ko da yake bai kai na shuwaka ba.

Tohon ya kasu kashi uku. Akwai ganyayyakin waje masu tauri, waɗanda a wasu nau'o'in ke da ƙaya a bakinsu. Akwai wani gashi-gashi a tsakiya da Italiyawa ke kira gemu, wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. A ƙarƙashin gemun kuma akwai faffaɗan gindi mai laushi da ake kira zuciya, wanda shi ne mafi daraja.

Bayan zuciyar, abin da ake iya ci shi ne ɗan tsokan da ke gindin kowane ganye, da kuma ɓargon karan. A lissafin ma'aikatar aikin gona ta Amurka, kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin tohon zubar da shi ake yi.

Tsiron na son sanyi marar tsanani da iska mai laima, shi ya sa ya fi yin kyau a ƙasashen da ke gaɓar Tekun Bahar Rum, kuma ba a saba ganinsa a kasuwannin ƙasar Hausa ba.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa a shekarar 2022 an noma fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a duniya.

Masar ce ta zo kan gaba da kimanin tan dubu 460, sai Italiya da tan dubu 378, sannan Sifaniya da tan dubu 200. Aljeriya da Peru ne ke biye da su.

Suna daga Larabci

Girkawa da Rumawan da sun san wata ƙayar daji da ake kira kardun, wadda suke cin karanta. Daga wannan ƙaya ce manoma suka yi ta zaɓen iri har aka samu atishok mai babban toho.

Masana da dama na ganin cewa an fara wannan aiki ne a Sisili ko kuma a arewacin Afirka, kuma Larabawa sun taka muhimmiyar rawa wajen inganta tsiron da yaɗa shi.

Musulmi daga ƙasar Tunisiya ta yau sun fara shiga Sisili a shekarar 827, a zamanin daular Aglabawa, kuma mulkinsu a tsibirin bai ƙare baki ɗaya ba sai a 1091. A tsawon wannan lokaci sun bunƙasa noman rani da hanyoyin ban-ruwa, musamman a kewayen Palermo.

Babbar shaidar da ta rage ita ce ta harshe. Daga kalmar al-kharshuf ne Sifaniyawa suka samu alcachofa, Italiyawa kuma suka samu carciofo. Daga wata karkatacciyar sigar kalmar a arewacin Italiya ne sunan ya shiga Faransanci da Turanci.

Daga baya sunan ya sake komawa Larabci a wata sabuwar kama. A Siriya da Labanon ana ce masa ardi shauki, wato ɗan ƙasa mai ƙaya, lafazin da ya yi kama da na Turawa.

Daga kudancin Italiya tsiron ya nausa arewa a ƙarni na 15, ya shiga lambunan attajiran birnin Florence, sannan ya isa fadar sarakunan Faransa a ƙarni na 16, inda ake danganta farin jininsa da Sarauniya Catherine de Medici.

Dabarar mai ƙaramin ƙarfi

Yayin da a fada ake cire zuciyar kawai a zubar da sauran, manomin Sisili ba shi da wannan sukuni.

Abin da ke gidansa shi ne burodin da ya kwana ya bushe, da man zaitun, da tafarnuwa, da ɗan gutsuren cukun madarar tumaki.

A kudancin Italiya zubar da burodi abin kunya ne. Akan daka busasshen a mayar da shi gari, kuma idan aka soya garin sama-sama a mai, ana yi masa laƙabi da cukun talaka, domin shi ake barbaɗawa a kan taliya idan babu kuɗin cuku.

Cusa wannan gari a tsakanin ganyayyakin atishok ya warware matsaloli biyu a lokaci guda. Ganyen da ɗan tsoka kawai ke gindinsa ya zama kamar cokali mai ɗauke da loma, burodin da ya bushe kuma ya sha romo da mai ya dawo da laushi.

Aikin cuku a nan shi ne ba da gishiri da maiƙo da ƙamshi, tare da riƙe garin kada ya wargaje. Saboda haka ake zaɓen busasshen cuku mai ƙarfin ɗanɗano, wanda kaɗan daga cikinsa ke isa.

Girkin ya kuma dace da lokacin azumin Kiristoci na kafin bikin Ista, lokacin da mabiya ɗariƙar Katolika ke ƙaurace wa nama a wasu ranaku, wanda kuma ya zo daidai da kakar atishok. Yana cikin abincin da ake jerawa ranar 19 ga watan Maris, a bikin tunawa da Yusufu mijin Maryamu, a Sisili da kuma tsakanin 'yan asalin tsibirin da ke ƙasashen waje.

Zaɓe da gyarawa

Masu girki sun fi son nau'in da ke da zagayayyen kai da faɗin ciki, irin wanda ake nomawa a kewayen birnin Rum, domin ya fi ɗaukar haɗi.

Mai kyau shi ne wanda ke da nauyi a hannu, ganyayyakinsa a matse, yana ɗan ƙara idan an matsa shi. Wanda ya fara buɗewa ya tsufa, kuma gemunsa ya yi yawa.

Kafin a taɓa wuƙa, akan tanadi kwano na ruwan sanyi a matse lemun tsami biyu a ciki.

Dalili shi ne da zarar an yanka atishok iska ta taɓa shi, wasu sinadarai da ke jikinsa kan sa wurin ya yi baƙi, kamar yadda yankakken dankali ko yalo ke yi. Tsamin lemun ne ke rage saurin wannan sauyi.

Haka kuma ana guje wa tukunyar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe, domin sukan dusashe launinsa su kuma sauya ɗanɗanonsa.

Da farko akan yanke karan daidai gindi yadda tohon zai iya tsayawa da kansa. Ba a zubar da karan: akan fere shi, a yayyanka ɓargon a zuba cikin haɗin.

Sai a ɓalle ƙananan ganyayyakin ƙasa masu tauri, a yanke kimanin santimita biyu zuwa uku daga saman tohon, sannan a bi bakin sauran ganyayyakin da almakashi a datse ƙayar.

Matan Sisili kan kifa tohon su buga shi a kan tebur sau biyu ko uku domin ganyayyakin su saki. Daga nan sai a buɗe tsakiyar da yatsu, a zare siraran ganyayyakin ciki, a kankare gemun da ƙaramin cokali ba tare da an raunata zuciyar ba.

Wanke shi da kyau na da muhimmanci, domin ƙasa da ƙananan ƙwari kan ɓuya a tsakanin ganyayyakin. Bayan wanki akan bar shi a ruwan lemun, a kuma tsane shi a kife kafin a fara cusawa.

Haɗin da ake cusawa

Ga manyan atishok guda huɗu, ma'aunin da aka saba shi ne kimanin giram 200 na garin busasshen burodi, da giram 100 na gurzajjen cuku, da salar tafarnuwa uku ko huɗu da aka daka.

Akan ƙara da dintsi guda na yankakken ganyen fasili, wanda Larabawa ke kira baƙdunis, da ɗan masoro, da cokali biyar ko shida na man zaitun. A wasu yankunan na'a-na'a ake sawa.

Ana cuɗa su da hannu har garin ya yi kamar damshin yashi: idan an dunƙula ya haɗu, idan an taɓa ya wargaje. Idan mai ya yi kaɗan haɗin kan fito a bushe, idan kuma ya yi yawa sai ya yi nauyi ya gundura.

Gishiri kaɗan ake sawa, ko ma a bar shi, domin cukun kansa na da gishiri sosai.

Cukun da aka fi amfani da shi a kudu shi ne pecorino, na madarar tumaki, ko caciocavallo, na madarar shanu. A arewacin ƙasar da kuma Amurka an fi sa Parmigiano Reggiano, wanda doka ta ce sai ya yi aƙalla watanni 12 a ajiye kafin a sayar da shi da wannan suna.

Wasu iyalan kan tsoma ƙananan gutsattsarin cuku mai narkewa a tsakiya. A yammacin Sisili akan ƙara busasshen inabi da 'ya'yan itacen fain, ko ƙananan kifaye masu gishiri. Akwai kuma masu tsoma bakin tohon cikin kaɗaɗɗen ƙwai su soya shi a kife, domin ya zama murfin da zai hana haɗin zubewa.

Ana fara cusawa ne daga ganyayyakin waje, ana tura ɗan haɗi zuwa gindin kowane ganye, a bi da'ira har a iso tsakiya a cika ramin. Ba a dannawa da ƙarfi, saboda burodin zai kumbura idan ya sha tururi.

A kan wuta

Akan jera su a tsaye cikin tukunyar da za su matsu da juna, ta yadda babu wanda zai faɗi. Idan akwai sarari, akan cike shi da yankakken dankalin Turawa, wanda shi ma ke shan romon.

Ana zuba ruwa ta gefen tukunyar har ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu, tare da ɗan gishiri da mai da yankin lemun tsami. Idan ruwan ya haura haka, haɗin zai jiƙe ya zama kunu.

Sai a yaryaɗa mai a samansu, a rufe tukunyar ruf, a rage wuta. Gindin na dahuwa a cikin ruwa, saman kuma tururi ne ke dafa shi.

Yakan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda, gwargwadon girma da ƙuruciyar tohon. Akan riƙa dubawa, a ƙara ruwan zafi idan ya kusa ƙonewa.

Alamar nuna ita ce ganyen waje ya zaro cikin sauƙi idan an ja shi, wuƙa kuma ta shige gindin ba tare da turjiya ba.

Daga nan akan ƙara barbaɗa cuku a sama, a sa a obin mai zafin digiri 200 na tsawon minti 10 zuwa 15, har saman ya yi ja ya yi ƙamas-ƙamas. Wanda ba shi da obin na iya ɗora garwashi a kan murfin tukunyar.

Ana cinsa da ɗumi, ko bayan ya huce, kuma da hannu ake ci. Mutum kan zare ganye ɗaya, ya sa gindinsa a baki, ya ja da haƙora ya kwashe haɗin da tsokan, ya ajiye ɓawon a gefe. A haka ake tafiya har a iso zuciyar.

Baƙon da ya sha ruwa bayan cin atishok na iya jin ruwan ya yi zaƙi. Wani bincike da masaniya Linda Bartoshuk da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 1972 ya danganta hakan da sinadaran da ke cikin tsiron, ciki har da wanda ake kira sainarin.

Ta fuskar gina jiki, giram 100 na ɗanyen atishok na da kalori 47 da kimanin giram biyar na faiba mai taimaka wa hanji, ko da yake yakan sa wasu kumburin ciki. Mai da cuku ne ke ƙara masa nauyi, kuma masu hawan jini na buƙatar lura da yawan gishirin pecorino.

Batun halacci

Abu na farko da Musulmi zai lura da shi a gidan abinci a Turai ko Amurka shi ne cewa wasu masu girki kan zuba farar giya a ruwan dahuwar, wasu kuma kan sa yankakken naman alade a cikin haɗin. Girkin na asali ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa. Ana daskarar da madara ta zama cuku ne da wani sinadari da Turawa ke kira renet, Larabawa kuma infaha, wanda bisa al'ada ake samu daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago da bai daina shan nono ba.

Ƙa'idojin Tarayyar Turai da ke kare sunayen cukun gargajiya sun wajabta amfani da na ɗan maraƙi a Parmigiano Reggiano, da na ɗan rago a Pecorino Romano.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Imam Abu Hanifa na ganin infaha mai tsarki ce ko da an ciro ta daga dabbar da ba a yanka ba, ra'ayin da Ibn Taimiyya ya goyi baya.

Sanannen ra'ayi a mazhabobin Malikiyya da Shafi'iyya kuwa shi ne ba ta da tsarki idan daga mushe ta fito. Akwai kuma wata muhawarar ta daban a kan matsayin yankan da ake yi a mayankun Turai na zamani.

Ga mai son fita daga saɓanin, hanya ta yi sauƙi a yau. Tun 1990 hukumomin Amurka suka amince da renet ɗin da ake samarwa ta hanyar ƙananan halittu a masana'anta, kuma yawancin cukun da manyan kamfanonin Amurka da Birtaniya ke yi da irinsa ake yi.

Akwai busasshen cuku mai kama da na Italiya da ke ɗauke da tambarin halal, ko alamar da ke nuna cewa ya dace da masu ƙaurace wa nama.

Abin sha'awa shi ne dangin atishok kansu na daskarar da madara. A Fotugal da yammacin Sifaniya, makiyaya kan busar da furen ƙayar kardun, su jiƙa shi, su zuba ruwan a madarar tumaki. Da haka ake yin cukun Serra da Estrela da na Torta del Casar. Marubucin nan na Rumawa kan aikin gona, Columella, ya ambaci amfani da furen ƙaya don wannan aiki tun a ƙarni na farko.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, inda Fulani a Najeriya da Benin da Togo da Ghana ke amfani da ruwan ganyen tumfafiya wajen yin wara ko wagashi.

Sai dai wara ba ta narkewa, kuma ba ta da ƙarfin gishirin pecorino, don haka ba ta maye gurbinsa kai tsaye. Cukun Nijar da ake shanyawa falle-falle ya fi kusa ta fuskar bushewa, tun da ana iya daka shi ya zama gari, amma ɗanɗanonsu ya bambanta.

Tsallaka teku

Miliyoyin 'yan kudancin Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 sun tafi da girkin. A birnin New Orleans, inda 'yan Sisili suka yi yawa, atishok mai cike da garin burodi da cuku ya zama abincin gari da ake sayarwa a shaguna.

Manoma 'yan asalin Italiya ne kuma suka bunƙasa nomansa a jihar Kalifoniya, wadda ke samar da kusan dukkan wanda ake nomawa don kasuwa a Amurka, musamman a kewayen garin Castroville.

Kasuwar ta yi ƙarfin da har 'yan Mafiya suka shiga ciki. Wani ɗan daba mai suna Ciro Terranova, da aka yi wa laƙabi da Sarkin Atishok, ya riƙa tilasta wa dillalan birnin Niyok sayen ƙananan atishok daga hannunsa a farashi mai tsada.

A watan Disamba na 1935, magajin garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya haramta sayar da su a kasuwannin birnin domin karya wannan babakere, kafin ya janye haramcin bayan 'yan kwanaki.

A ƙasashen Musulmi

A ɗaya gaɓar ta Bahar Rum ma ana cusa wa atishok haɗi, amma ta wata hanyar.

A Masar, inda lardin Buhaira ke kan gaba wajen nomansa, zuciyar kawai ake ferewa ta zama kamar ƙaramin ƙoƙo, a cika ta da niƙaƙƙen nama da albasa, wani lokaci a rufe da farar miyar madara da cuku a gasa.

A Siriya da Labanon nama da 'ya'yan fain ake sawa, a dafa cikin romon lemun tsami. Turkawa kan cika ta da karas da dankali da koren wake a dafa da man zaitun, 'yan Maroko kuma kan jefa ta cikin dahuwar nama da koren wake.

Ɗalibai da 'yan kasuwa da ke zuwa Alƙahira ko Jidda ko Dubai za su iya samun waɗannan zukata a daskare cikin leda a manyan kantuna, kuma ana samun na gwangwani.

Da su ma ana iya yin girkin na Sisili. Akan tsane su, a tara haɗin burodi da cuku a kan kowace, a zuba ɗan ruwa da mai a ƙasan farantin gashi, a rufe a gasa na kimanin minti 20, sannan a buɗe a ƙara minti 10 domin saman ya yi ja.